Sabunta Rufin Shago da Sito: Bango Ake Fara Tambaya

Kowace shekara, da zarar damina ta ɗauke, magana ɗaya ce ke yawo a bakin masu shaguna da masu sito a Ringim da Taura da Garki da Babura, har zuwa Dutse: rufi ya gaji, da me za a sake shi? Wani soron ƙasa ne ya gada daga mahaifinsa, ga azara ta soma lanƙwasa. Wani dekin kankare ne da aka zuba shekara 20 da suka wuce, yanzu ruwa yana ɗiga a kan buhunan riɗi. Akwai ƙungiyoyin manoma da na mata masu ɗakin ajiyar hatsi, akwai masu kemis, akwai masu injin niƙa. Abin da ya haɗa su shi ne shimfiɗaɗɗen rufi, wato irin wanda mutum zai hau ya yi tafiya a kai ba tare da ya zame ba.

Maganar ba ƙarama ba ce. Gyaɗa ko masarar da ta sha danshi takan yi fumfuna, fumfunar kuwa tana iya haifar da gubar aflatoksin mai lalata hanta. Siminti da takin zamani sukan daskare su zama dutse. Jarin shekara guda yakan salwanta a dare ɗaya. Mafi muni shi ne rufi ya rufta a kan mutane. A daminar 2022, wadda ta yi wa Jigawa mummunar ɓarna, rushewar gine-gine tana cikin abubuwan da suka ci rayuka.

Yawancinmu da kasuwa muke farawa: nawa ne bandir ɗin kwano, nawa ne buhun siminti? Shawararmu ita ce a ajiye maganar farashi tukuna, a fara amsa tambayoyi uku. Wane nauyi bangon zai iya ɗauka? Ta ina ruwa zai sauka? Wa zai riƙa kula da rufin bayan an gama? Wanda ya amsa waɗannan da gaskiya zai ga cewa zaɓin ya kusa yin kansa.

ME YA SA SHIMFIƊAƊƊEN RUFI YAKE YOYO?

Ruwan da Jigawa take samu a shekara yakan kama daga milimita 600 zuwa 1,000, amma yawancinsa tsakanin Yuli da Satumba yake zuba, wani lokaci kamar da bakin ƙwarya. Bari mu yi ɗan lissafi. Idan aka yi ruwa milimita 1, kowane murabba'in mita, wato fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1, ya sami lita 1. Mu ɗauki jerin shaguna mai tsawon mita 20 da faɗin mita 10. Rufinsa murabba'in mita 200 ke nan. Ruwan milimita 50 a dare ɗaya zai zuba masa lita 10,000, daidai da jarka 400 masu cin lita 25. Nauyin wannan ruwa tan 10 ne. Dole ne duka ya sami hanyar sauka, ya kuma sauka da sauri.

Rufin kwano mai tudu yana tunkuɗe ruwa da kansa. Shimfiɗaɗɗen rufi kuwa sai an nuna wa ruwa hanya. Shi ya sa babu rufin da ya kamata ya zama a shafe daidai wa daida. Masana gini suna son gangaren santimita 2 da rabi a kowace mita, zuwa wajen indararo. Idan babu gangare, ko ganyen darbejiya da leda da ƙurar hunturu sun toshe indararo, sai ruwa ya kwanta. Ruwan da zurfinsa ya kai santimita 10 yana ɗora kilo 100 a kan kowane murabba'in mita.

Rana ma tana nata aikin. A watan Afrilu zafi yakan wuce digiri 40 a inuwa, a saman rufi kuwa ya fi ƙarfin tafin ƙafa. Da asuba sai ya huce. Kankare yana miƙewa da zafi, ya tsuke da sanyi. Dekin mai tsawon mita 20 yana iya motsawa kusan milimita 6 idan zafinsa ya sauya da digiri 30. Wannan motsi na kullum shi ke buɗe ƙananan tsaga, musamman inda dekin ya haɗu da rawani, wato ɗan bangon da ke kewaye da saman gini. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka ma ruwa.

A DUBA BANGO DA HARSASHI

Ringim tana gefen kogin Hadejia, wanda ruwansa ke gangarowa daga kogunan Kano da Challawa, inda madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 suke. Mun ga ambaliya a 2010 da 2020 da 2022. Ginin da ke kwari yana shan duka ta fuska biyu: ruwan sama a ka, ruwan ƙasa a gindi. Bangon da ruwa ya kwana a gindinsa kwanaki da yawa ba ya komawa yadda yake, ko da ya bushe ya yi kyau a ido.

Kafin a yi maganar sabon rufi, mai gini da magini su zaga ginin ciki da waje su duba waɗannan:

• Gindin bango ya zaizaye, ko yana fitar da farin gishiri?
• Akwai tsagar da ta taso daga ƙasa zuwa sama, ko wadda ta karkata daga kusurwar ƙofa ko taga?
• Bango ya kumbura ko ya jingina waje?
• Idan ginin bulo ne, inci 6 ne ko inci 9? Idan aka kankare shi da ƙusa, yana marmashewa?
• Akwai ginshiƙan kankare masu rodi a kusurwoyi, da linta da ta zagaye ginin?
• Ina ruwa ya tsaya a jikin bango a ambaliyar da ta wuce?

Ga dalilin wannan bincike. Dekin mai kaurin santimita 15 yana da nauyin kilo 360 a kowane murabba'in mita, fiye da buhun siminti 7 ke nan. A jerin shagunan da muka ɗauka misali, nauyin ya kai tan 72, ya wuce lodin tirela 2 masu ɗaukar buhu 600. Kwano kuwa, ko an haɗa da katakonsa, ba ya kai kashi 1 cikin 10 na wannan nauyi.

Wani zai ce ai soron ƙasa ma yana da nauyi, bangon kuma ya daɗe yana ɗauke da shi. Gaskiya ne, ƙasa mai kaurin santimita 20 tana wuce kilo 300 a murabba'in mita. Amma ɗakunan soro ƙanana ne, bangayensu masu kauri ne, suna kusa da juna. Mai son zuba dekin yakan rushe bangon tsakiya domin shago ya yi faɗi, ya cire abin da ke tallafe da nauyin ke nan. Ban da haka, soro yakan yi gargaɗi kafin ya faɗi: azara ta lanƙwasa, ƙasa ta soma zubowa. Kankare a kan ruɓaɓɓen bango yana iya saukowa gaba ɗaya ba sallama. Kada a zuba dekin a kan bangon ƙasa, ko a kan bulo mara ƙwari da ba shi da ginshiƙai.

ZAƁI NA FARKO: A SABUNTA SORO

Iyayenmu sun san shimfiɗaɗɗen rufi tun kafin zuwan siminti. Ana jera azara, wadda ake tsagowa daga itacen giginya, a shimfiɗa asabari ko zana, a ɗora kwaɓaɓɓiyar ƙasa, sannan a shafe. Gara ba ta cika cin azara ba. Don hana ruwa shiga akwai makuba, wadda ake yi da ɓawon ɗorawa, akwai kuma laso, haɗin katsi na marina da gashin awaki da dafara. Da irin wannan ilimi Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19.

Amfanin soro a fili yake. Yana da sanyi da rana, yana riƙe ɗumi da hunturu. Iska ba ta yaye shi. Kuɗin aikinsa a hannun maginan gari yake tsayawa. Ga mai ajiye iri ko magani wannan sanyi dukiya ne, domin zafi yana kashe ƙarfin iri, yawancin magunguna kuma an rubuta a kwalinsu cewa kada zafin wurin ajiya ya wuce digiri 25 ko 30.

Amma yana da iyaka. Azara ba ta ƙetare fiye da kusan mita 2 ba tare da tallafi ba. Da dabarar magina ta jera ta hawa-hawa daga bango, ɗaki yakan kai wajen mita 3. Fiye da haka sai da ginshiƙi ko baka. Giginya ta yi ƙaranci, tana kuma ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa sara. Sandunan darbejiya da wasu ke sawa a madadinta ba su kai ta jimiri ba. Masu haɗa laso na ainihi su ma sun ragu.

Soro yana son kulawa kowace shekara. Kuskuren da aka fi yi shi ne a yi ta ƙara yaɓe a kan tsohon yaɓe, rufi yana ƙara nauyi, azara tana ƙara tsufa. Idan za a sabunta, a sauke tsohuwar ƙasa duka, a duba kowace azara, musamman bakinta da ke cikin bango, domin a nan take fara ruɓewa. Masu sa leda a tsakanin ƙasa su tabbata ba ta huje ba, gaɓoɓinta sun hau juna sosai, ta kuma gangara zuwa indararo. Ledar da ta huje tana tara ruwa a ɓoye, mai shago bai sani ba.

ZAƁI NA BIYU: DEKIN KANKARE

Dekin yana da farin jini saboda dalilai masu ƙarfi. Ɓarawo ba ya ɗaga shi. Wuta ba ta cinsa. Ana iya ɗora faifan sola a kai, ana iya yin bene nan gaba idan an tsara harsashi don haka tun farko. Amma mu sani cewa kankare shi kaɗai ba ya hana ruwa har abada. Ruwan da ya bi ta tsaga yakan isa ga rodi, rodi ya yi tsatsa, tsatsa ta kumbura ta fasa kankaren daga ciki.

Mai tsohon dekin ya shiga ciki ya ɗaga kai. Idan tabon danshi ne kawai, dekin bai lotsa ba, to, ana iya ceto shi. Idan kuwa ɓawon kankare yana faɗowa, rodi ya fito fili ya yi ja, ko tsakiya ta lotsa, a kwashe mutane da kaya, a kira injiniya mai rajista da hukumar COREN. Shafa kwalta a kan irin wannan dekin ɓoye ciwo ne.

Ga yadda ake gyaran dekin da ke da sauran ƙarfi:

1. A kankare tsohuwar kwalta da duk abin da ya saki, a share tas.
2. A buɗe tsagogi a cike su.
3. A yi daɓen siminti da yashi mai gangare zuwa indararo, a cike kusurwar da ke tsakanin dekin da rawani don kada ta zama lungu.
4. A bari ya bushe sarai.
5. A shafa ruwan kwalta na share fage, sannan a shimfiɗa tabarmar kwalta, wadda ake mannawa da wutar gas. Tana zuwa a naɗe, faɗin mita 1, tsawon mita 10, kaurin milimita 3 ko 4. Mai milimita 4 ta fi.
6. Kowace shimfiɗa ta hau 'yar'uwarta da santimita 10. A gefe kuma ta haura jikin rawani aƙalla santimita 15, a cusa bakinta cikin bango a toshe.
7. A kare ta daga rana da fenti mai ruwan azurfa ko fari, ko a sayi mai ɓarɓashin dutse a bayanta.

Idan an yi aikin da kyau, tabarmar takan yi shekara 10 ko fiye. Narka kwaltar hanya a ganga a kwarara a kan rufi ya fi araha, amma takan narke da bazara, ta tsattsage da hunturu, da wuya ta wuce damina ɗaya ko biyu. Ranar aikin wutar gas kuma a fitar da fetur da katifu da auduga da harawa daga ginin, a ajiye ruwa da yashi kusa.

Wanda zai zuba sabon dekin ya bi zanen injiniya wajen girman rodi da tazararsa. Kada kwaɓi ya gaza awo 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, kada kuma a cika masa ruwa don sauƙin zubawa. A ɗaga rodi daga kan katako da kusan santimita 2 da rabi domin kankare ya lulluɓe shi. A yi ta ba shi ruwa aƙalla kwana 7, musamman da hunturu, lokacin da iska ke busar da shi tun bai yi ƙwari ba. Kankare yana kaiwa ƙarfin da ake lissafi da shi ne a kwana 28, saboda haka kada a yi gaggawar cire turakun da ke tokare da shi. Mu tuna kuma cewa tankin ruwa mai lita 1,000 nauyinsa tan 1 ne. A kan ginshiƙi ake ɗora shi, ba a tsakiyar ɗaki ba.

ZAƁI NA UKU: A KOMA KWANO

Ga ginin da bangonsa ya raunana, ko wanda ke inda ambaliya take kaiwa, kwano ne ya fi aminci saboda rashin nauyinsa. Akwai kwanon ƙarfe na gama-gari, akwai dogon kwanon alminiyam da ake yankawa daidai tsawon rufi, akwai kuma mai ɓarɓashin dutse, wanda ya fi su tsada. Alminiyam ba ya tsatsa irin ta ƙarfe. A kasuwa ana samunsa da kaurin milimita 0.45 da 0.55 da 0.7. Kwanon da ya cika siriri yakan yage a bakin ƙusa tun iskar farko. A nemi a auna kaurin a gaban mai saye, a kuma duba shaidar hukumar SON mai kula da ingancin kaya.

Kwano ba ya son kwanciya. Gajeren kwano yana bukatar tudun mita 1 a kowace mita 4, in ba haka ba iska za ta tura ruwa ta gaɓoɓinsa. Dogon kwano da ba shi da gaɓa a tsakiya yana iya jure tudun mita 1 a mita 10.

Mutane da yawa suna son ɓoye kwano a bayan rawani, domin gini ya ci gaba da kama da soro, rawanin kuma ya tare iska. Dabara ce mai kyau, amma tana da tarko: duk ruwan rufin zai taru a kwata ɗaya da ke cikin ginin. Idan kwatar ta yi ƙanƙanta ko ta toshe, cikin shago ruwan zai juye. A yi ta da faɗin da mutum zai iya shiga ya share, a ba ta gangare, a yi mata mafita fiye da ɗaya. Idan kuwa bangon ƙasa ne, gara a bar kwano ya zarce bango da rabin mita ko fiye, ya zame masa malafa.

Abubuwa huɗu ne raunin kwano, kowanne da maganinsa:

• Iska. Guguwar farkon damina, a Mayu da Yuni, daga gefe take kama rufi. A ɗaure katako da jikin gini da rodi ko ƙarfen ɗauri da aka binne cikin linta. A buga ƙusa mai roba a kan tudun kwano, a ƙara yawanta a gefuna. Jera duwatsu da tsofaffin tayoyi ba ɗauri ba ne.
• Zafi. A sa silin, a bar kafofin iska a saman bango, a rufe su da raga saboda ɓeraye da jemagu.
• Ɓarayi. A walda ragar ƙarfe a ƙarƙashin kwano.
• Gobara. A jerin shaguna, a kai bangon da ke raba su har ya taɓa kwano, domin wuta takan bi ta cikin silin daga shago zuwa shago. Wanda ya tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 ya san abin da wuta ke yi wa shagunan da ke manne da juna.

Masu sayar da takin zamani su lura cewa taki yana cin ƙarfe, don haka sitonsu yana bukatar iska sosai. A shafa wa katako maganin gara kafin a ɗora shi. Kada kuma alminiyam ya manne da ɗanyen siminti, yana cinsa.

ZAƁI NA HUƊU: RUFI BIYU

Akwai hanyar da ke haɗa amfanin biyu. A bar soro ko dekin a inda yake, muddin yana da ƙarfi, a ɗora masa kwano a sama kamar laima, a bar sarari a tsakani don iska ta riƙa ratsawa. Kwano ya tare ruwa da rana, na ƙasa ya riƙe sanyi ya kuma hana ɓarawo.

An gwada wannan a ƙasa mai yanayi irin namu. A ƙauyen Gando na Burkina Faso, wani masanin zanen gini ɗan garin, Francis Kéré, ya gina makarantar firamare da aka kammala a 2001. Bangonta da silinta na tubalin ƙasa ne, kwano kuma yana ɗage a sama a kan sandunan ƙarfe, ya zarce bango sosai. Ginin ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 2004, shi kuma Kéré ya karɓi lambar Pritzker, wadda ta fi kowace daraja a fannin zanen gini, a 2022. Mai walda na gari zai iya yin irin wannan laima. Sharaɗin shi ne a ɗaure ta da kyau, domin iska tana shiga ƙarƙashinta.

Wanda bai da halin wannan yana iya rage zafi da farin launi. A birnin Ahmedabad na Indiya, hukuma ta sa shafa wa rufi farar ƙasa ko farin fenti cikin shirinta na kare jama'a daga tsananin zafi. Fari yana mayar da hasken rana, baƙi yana shanye shi.

HATTARA DA ASBESTOS

A tsofaffin gine-gine akan tarar da silin ko rufin asbestos, mai kama da allon siminti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa ƙurarsa tana jawo ciwon dajin huhu, ciwon kuma yakan bayyana ne bayan shekaru masu yawa. Tarayyar Turai ta hana amfani da shi a 2005, Afirka ta Kudu a 2008. Idan za a sauke shi, a jiƙa shi da ruwa, a cire shi ɗaya-ɗaya ba tare da fasawa ko yankawa ba, ma'aikata su rufe hanci da baki da takunkumi mai kyau. Kada a ba yara gutsattsarinsa, kada a yi dangar awaki da shi.

WANNE YA DACE DA WA?

• Ƙaramin shagon ƙasa mai lafiyayyen bango, a kan tudu: a sabunta soro, in da hali a ɗora laimar kwano.
• Ginin ƙasa ko na bulo mara ƙwari, ko wanda ke kwari: a sauke nauyi, a koma kwano da silin.
• Dekin mai ƙarfi da ke yoyo: gangare da tabarmar kwalta, ko laimar kwano.
• Sabon dekin: sai inda akwai harsashi da ginshiƙan da injiniya ya amince da su.

Kowanne aka zaɓa, kada rufi ya dogara da indararo ɗaya. A sa biyu ko fiye, kada faɗin bakinsu ya gaza inci 4, su zarce bango sosai. Inda ruwan ke faɗowa a daɓe shi, a yi masa hanya ya bar gindin gini, ba tare da an tura shi gidan maƙwabci ba.

LISSAFIN KUƊI DA YARJEJENIYA

Araha ba ta ado. A raba kuɗin rufi da shekarun da zai yi. Mu ɗauka wani rufi ya ci kashi 100 ya yi shekara 8, wani ya ci kashi 160 ya yi shekara 20. Na farko yana cin 12 da rabi a shekara, na biyu 8 kacal. A ƙara da kuɗin gyaran shekara-shekara, da kuɗin kayan da za su lalace idan ya yi yoyo. Masu shaguna a jeri ɗaya suna iya haɗa kuɗi, ko su yi adashi, su sayo kaya a dunƙule daga Dutse ko kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, su raba kuɗin mota da na injiniya.

Lokacin aiki shi ne daga Nuwamba zuwa Maris: an yi girbi, akwai ɗan kuɗi a hannu, gini ya bushe. Wanda ya jira sai ya ga hadari ya makara. A je a ga aikin da mai kwangila ya yi wanda ya ci damina biyu ko uku, a tambayi mai wurin. A rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, a faɗi irin kaya da kaurinsu. A biya kashi-kashi, a riƙe kashi 10 cikin 100 sai bayan marka. A kan dekin ana iya gwaji tun da rani: a toshe indararo, a tara ruwa zurfin santimita 5, a bar shi kwana 2, a duba daga ciki. Idan aikin ya shafi sauya fasalin gini, a nemi izini daga hukumar da ke kula da gine-gine, a kuma nemi shawarar sashen ayyuka na ƙaramar hukuma. Mai gida da ɗan haya su daidaita tun farko a kan wanda zai riƙa share rufi da wanda zai biya gyara.

KULAWA BAYAN AN GAMA

A watan Afrilu a hau a share, a zura sanda cikin kowane indararo, a toshe tsaga, a ƙara ƙusa inda ta saki. Washegarin ruwan farko a sake hawa a ga inda ruwa ya kwanta, a yi wa wurin alama. A watan Agusta a riƙa dubawa kowane mako. Kada a mai da rufi wurin jibge itace da tsofaffin ƙarafa. A cikin sito kuma a ɗora buhuna a kan katako, a ja su nesa da bango. A ƙungiya, a ɗora wa mutum ɗaya wannan aiki a rubuta sunansa, domin abin da aka bar wa kowa babu mai yinsa.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A ƘUNGIYA

1. Waɗanne gine-gine ne a unguwarmu suka rushe ko suka yi yoyo a daminar da ta wuce? Daga sama matsalar ta fara ko daga gindi?
2. Su wane ne maginan da suka rage a garinmu da suka iya soro da makuba? Akwai matasan da ke koyo a wurinsu?
3. Ina ruwan rufinmu yake zuwa bayan ya sauka? Za mu iya tara shi mu yi amfani da shi?
4. Akwai tsofaffi ko matan da mazansu suka rasu da ke cin abinci da hayar shago, waɗanda ba su da mai hawa ya duba musu? Ta yaya za mu taimaka kafin Mayu?

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kowa ya zaga gininsa a wannan mako, ya duba gindin bango kafin ya tambayi kuɗin kwano.